Gonar Gayam da Wasan da Ɗana Bai Ƙarasa Ba

Zuwa ga Malam Mailafiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙonka don girman Allah ka duba al'amarina ka ba ni shawara kafin watan nan ya ƙare, kuma ka yi haƙuri da tsawon takardar. Ni tsohon malamin makaranta ne. Lissafi na koyar a firamare daban-daban na ƙasar Birnin Gwari har na yi ritaya. Yau ga shi an kawo mini lissafi na shafi ɗaya, na kasa cewa daidai ne ko kuskure. Ba wuya gare shi ba. Idan na ɗauki takardar sai in ga lambobi kawai, in duba su in ajiye, ba su ce mini komai ba.

Ɗana na fari ya rasu bara bayan girbi. 'Yan bindiga suka buɗe wa motar da yake ciki wuta a hanyar Kaduna. Zan kira shi Abdulsamad a nan, amma ba sunansa ba ne. Ka san al'adarmu game da ɗan fari. Tun da aka haife shi ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in fara a jarida ba. Sauran sunayen ma na canja su, ko da yake duk ɗan garin nan da ya karanta zai gane. Ya bar mata, Na'ima, da 'ya guda, Muslimat, wadda ba ta shiga makaranta ba tukuna. Mahaifiyarsa ta riga shi da daɗewa.

Sana'arsa ban taɓa fahimtarta sosai ba. Ya karanta kwamfuta a Zariya, ya dawo gida, shi da abokinsa Andrawus suka ƙirƙiri wani wasa na cikin waya, suka sa masa suna Burtali. Andrawus ɗan Malam Tomas ne, mutumin kudancin Kaduna da muka koyar tare a Dogon Dawa. Tare yaran suka tashi, a kwano ɗaya suka ci tuwo. Andrawus ke yin zane, ɗana ke rubuta abin da ke sa zanen ya motsa. A cikin wasan kai ne makiyayi, za ka kora garke daga ruga zuwa mashaya ta bin burtali, kada saniya ta faɗa gonar mutane. In ta faɗa ta ci masara, sai manomi ya fito da fartanya a kafaɗa yana sababi, a kai ka gaban mai unguwa a ci ka tara. Ranar da ya nuna mini, na tambaye shi ko abin da ya raba ƙasar nan shi ya ga ya dace ya mayar wasa. Ya yi dariya, ya ce ai a nan ko an yi ɓarna ba wanda ke mutuwa.

Wasan ya fito ne daf da lokacin da aka rufe layukan waya a yankinmu saboda matsalar tsaro. Ba kira, ba saƙo, ba labarin ƙwallo. Waya ta koma tocila da rediyo. Shi kuwa Burtali ba ya bukatar sabis, kuma ana iya tura shi daga waya zuwa waya. Masu shagon caji, waɗanda ke ɗura wa mutane waƙoƙi da finafinai a kati, suka riƙa haɗawa da shi a matsayin gyara. Nan da nan ya cika gari. 'Yan acaɓa, masu shayi, matan aure a cikin gida, har Fulanin da ke shigowa ranar kasuwa. Wani ya ce mini ya gan shi a Gwaska, inda mota ba ta isa da damina. Sashen rani kyauta ne. Wanda ke son sashen damina, inda rafi ke cika garke ya yi iyo, sai ya tura naira ɗari biyar a ba shi lambar buɗewa. Andrawus ya ce a shekara uku mutum wajen ɗari tara suka biya.

Muryar da ke kiran shanu a wasan ta ɗana ce. Ruga ya je ya koyi kiran wajen wani dattijon makiyayi, ya dawo ya ɗauka da bakinsa. Har yau nakan ji ta a tasha, ko wajen mai shayi, ko bayan masallaci inda samari ke taruwa. Nakan tsaya in saurara har ta ƙare, sannan in wuce. Na sha jiran in ji wani abu a ƙirjina. Ba na ji.

Bara suka yanke shawarar yin na biyu, wanda mutum biyu za su buga tare, ɗaya makiyayi ɗaya manomi. Ba su da jari, sai suka buɗe karo-karo a intanet. Duk wanda ya ba da naira dubu ko fiye za a ba shi wasan kyauta idan ya fito, a kuma rubuta sunansa a ciki. Miliyan shida suke nema. A wata huɗu mutum ɗari biyu da 'yan kai suka ba da miliyan ɗaya da kaɗan. Sai abin ya faru. Labari ya bazu, aka riƙa yaɗa hotonsa. Kafin addu'ar arba'in kuɗin sun haura miliyan huɗu, masu bayarwa sun kai dubu da ɗari biyu, har daga ƙasashen waje.

Andrawus bai ci ko kwabo ba, wannan zan iya shaida. An sayi kwamfuta da sola, an ɗauki wani saurayi a Kaduna mai irin aikin ɗana, ya yi 'yan watanni ana biyansa, ya ce aikin ya fi yadda aka faɗa masa. Yanzu saura miliyan ɗaya da rabi. In za a ƙarasa wasan yadda ɗana ya tsara shi, ana bukatar ƙarin miliyan biyar.

Ga lissafin da Andrawus ya kawo mini. Mutum dubu goma sha biyu suka sauke na farko daga intanet. Ya ce kowane ɗaya ya tura wa aƙalla mutum huɗu, ke nan waya dubu sittin. In ɗaya cikin biyar ya sayi na biyu a kan dubu ɗaya da ɗari biyar, an sami miliyan goma sha takwas. Hujjarsa ita ce karo-karon. Ya ce mutum dubu da ɗari biyu sun ba da kuɗi a kan abin da ba su gani ba, to ina ga ranar da ya fito? Na ninka, na raba, duk ya fita daidai.

Akwai gona a Gayam. Na ba ɗana ita kyauta ranar ɗaurin aurensa, a gaban shaidu. Shekara huɗu ba wanda ya iya taka ta saboda 'yan bindiga. Bara da aka ɗan sami sauƙi ya je ya noma, kuma masarar da muke ci a gidan nan yanzu shi ya shuka ta. Na'ima ta gama takaba, tana nan gidana da yarinyar, fanshona kuwa ba ya kai mu tsakiyar wata. Wani mai kuɗi ya taya gonar miliyan biyar, ya ce zai dawo Juma'ar ƙarshen wata domin yana son ya yi shara kafin ruwa. Andrawus ya zo ya durƙusa a zaure, ya ce Baba a sayar a zuba a wasan, ribar duka ta Muslimat ce, shi ba ya son komai sai ya ga aikin ɗan'uwansa ya fito. Yana kuka, ni ina kallon takalminsa, ina tunanin ya kamata a kai shi wajen baduku.

Ƙanena Isah ya ce shanun cikin waya ba su taɓa ba kowa nono ba, in kuma na sayar da gonar in shirya dama wa jikata kunun zane. Ya ce yaron ɗan damfara ne. Wannan ba gaskiya ba ne, na kuma faɗa masa. Na kira Na'ima na tambaye ta. Ta tsuguna daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa, ta ce duk yadda Baba ya gani shi ne daidai.

Malam, abin da ya sa na rubuto shi ne ba na ganin komai. Mutane suna yaba haƙurina. Liman ya buga misali da ni a wajen wata jana'iza, ya ce ku dubi malam, ɗan fari ya rasa amma ko gezau. Ina cin abinci, ina zuwa masallaci, ina amsa gaisuwa. Ba haƙuri ba ne, ban san sunan abin ba. In Andrawus ya yi magana sai in ga yana da gaskiya, in Isah ya yi magana sai in ga shi ma haka, da sun fita sai in manta abin da suka ce. Na san kaina, ranar Juma'ar nan duk takardar da aka fara miƙo mini zan sa mata hannu, don dai mutane su tashi daga zauren.

Shin wasan nan zai sayu kamar yadda yaron ya lissafa? In na ƙi sayar da gonar, na ci amanar mutanen da suka ba da kuɗinsu, na binne aikin ɗana? In na sayar aka yi hasara, me yarinyar nan za ta ci?

Naka,
Tsohon Malami, Birnin Gwari

*

Malam,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan ɗanka, ya karɓi shahadarsa, ya sa bakin wahalarsa ke nan. Tunda lokaci ya ƙure, zan fara da amsar, dalilai su biyo baya. Kada ka sayar da gonar.

Ninkawa da rabawar Andrawus daidai suke, shi ya sa ba ka ga kuskure ba. Kuskuren yana cikin abin da ya ƙirga. Mutum dubun da suka ba da kuɗi bayan rasuwar ba masu saye ba ne, masu ta'aziyya ne. Ka tuna kwanakin zaman makoki a ƙofar gidanka. Wani ya zo da kwanon gero, wani ya cusa maka 'yan kuɗi a hannu yana fita. Ka karɓa ka yi godiya, amma ba ka zauna ka ce ashe haka za a riƙa kawo mini duk wata ba. Na nesa da ba su iya zuwa sun zauna a tabarmarka ba, shafin karo-karon nan suka samu, nan suka ajiye nasu kwanon. Da yawansu ba su taɓa buga Burtali ba, ba kuma za su buga na biyu ba. Kada ka ɗauki maganata kawai. Ka ce wa Andrawus ya buɗe saƙonnin da masu bayarwa suka bari, ku ware su kashi biyu, masu cewa Allah ya jiƙansa da masu tambayar yaushe wasan zai fito. Ina kyautata zaton kashi na biyu ba zai cika shafi ba.

Dubu sittin ɗin ma ba kasuwa ba ce. Mai yiwuwa ne wayoyin sun kai haka, ban musa ba. Amma wasan ya shiga hannun mutane a lokacin da waya ba ta da wani amfani, kuma gyara aka ba su shi. Na yi shekaru ina aiki da ƙungiyoyin manoma, na ga wata da ta ci bashi ta sayi injin niƙa na biyu domin ranar buɗe na farko layi ya kai bakin titi. Ranar nan kyauta aka yi niƙa. Yau sabis ya dawo, saurayin da ke kora shanu a waya a wancan lokaci yana da ƙwallo da bidiyo da hira suna jiran sa.

Lambar da za a dogara da ita tana cikin takardarka, ka wuce ta a jimla ɗaya. Mutum ɗari tara. Su ne suka taɓa ciro kuɗi daga aljihu saboda wasan kansa, a shekara uku, a kan ɗari biyar. Yanzu farashi ya ninka uku. Waɗanda suka fi son wasan a cikinsu kuwa, watau ɗari biyun da suka ba da kuɗi ɗanka yana raye, an riga an yi musu alkawarin kyauta, ba za su sake biya ba. Mu yi wa yaron adalci, mu ce na biyu ya fi na farko kyau har mutum dubu ɗaya da ɗari biyar suka saya. An sami miliyan biyu da kwata, kafin a cire kuɗin talla da na data da abin da masu karɓar kuɗi ke yanka. Bai kai rabin kuɗin gonar ba. Kafin a mayar da miliyan biyar ɗin kaɗai, ba riba, ana bukatar masu saye kusan dubu huɗu, fiye da ninki huɗu na duk waɗanda suka taɓa biya. Ban ce ba zai yiwu ba, arziki na Allah ne. Amma ba a sayar da gonar da ake ci a kan abin da sai an yi sa'a ninki huɗu kafin a dawo inda aka tashi.

Sannan akwai abin da ya fi lissafi nauyi. Tunda ka ba shi gonar a gaban shaidu, ta zama gado. Bisa magadan da ka ambata, rabi na Muslimat ne, tumuni na Na'ima, sauran naka. Ka je wajen malamin da ya san rabon gado ya tabbatar maka. Dukiyar marainiya ba a jefa ta cikin kasada, ko da da kyakkyawar niyya ne. Amsar Na'ima kuma ba yarda ba ce, kunyar suruki ce. Da ka ce mata za ka sayar da ɗakin da take kwana, haka za ta ce. Ka sa wata babbar mace daga danginta ta zauna da ita ta ji bakinta, ta kawo maka.

Isah ya yi gaskiya game da gona, ya yi kuskure game da yaron. Ɗan damfara ba ya nuna wa mutum inda kowane kwabo ya shiga. Andrawus makoki yake yi, kuma aikin nan shi ne wurin da ya rage masa inda yake zama da abokinsa. Damuwarsa game da amana ma gaskiya ce, an karɓi kuɗin mutane an yi musu alkawari. Sai dai alkawarin wasa aka yi musu, ba a yi musu alkawarin gonar yarinya ba.

Don haka kada a binne aikin, a rage shi. Andrawus ya zauna da saurayin nan na Kaduna mai rubuta manhajar su ga abin da miliyan ɗaya da rabi za ta iya kammalawa, ko da mataki uku ne maimakon goma, ko da sai an ajiye wasan mutum biyu zuwa gaba. Ya rubuta wa masu karo-karo gaskiya ba kwana-kwana: wanda ya tsara aikin ya rasu, ga abin da aka kashe, ga abin da ya rage, ga abin da za a iya fitarwa. Wanda ya ce a mayar masa da nasa, a mayar masa gwargwadon abin da ya saura. Da wuya su yi yawa. Idan ƙaramin ya fito, a sa masa farashin da ɗan acaɓa zai biya bai yi tunani sau biyu ba. Masu shagon caji kuwa, tunda ko an so ko an ƙi ta hannunsu zai bi, gara a jawo su a jiki, a ba su lambobin buɗewa su sayar su ɗauki kamasho. Bayan wata shida za ku san adadin masu saye na gaskiya, ba na zato ba. In sun yi yawa, cinikin shi zai biya ƙarin aikin. In ba su yi ba, an cika alkawari kuma ba wanda ya rasa abincinsa. Ku kuma rubuta yarjejeniya tun yanzu cewa rabin wasan, na farko da na biyu, na magadan mamaci ne. In kana son ka taimaka, ka ba da daga rabonka na amfanin gona, abin da in ya tafi ba za a rage tuwo ba.

Game da halin da kake ciki, Malam, ba rashin ƙauna ba ne, ba kuma taurin zuciya ba. Na ga dattawa da yawa a haka, musamman waɗanda al'ada ta hana su nuna komai a kan ɗan fari, jama'a kuma suka yi ta yabonsu har suka rasa ƙofar fita. Yakan sake a lokacinsa, wani bayan watanni, wani bayan shekara. In ya daɗe, ko barci da abinci suka fara gagara, ka ga likita, ba abin kunya ba ne. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka sa hannu a kan wani abu mai girma muddin kana haka. Kuma ka nemi mutum ɗaya da ba zai yaba maka ba. Ina ganin Malam Tomas ne. Ya san yaron tun yana rarrafe, shi ma yana kallon nasa ɗan yana ramewa.

Ka je gidansa da kanka, kada ka kira Andrawus zaure inda Isah zai sa baki. Ku zauna ku uku, ka faɗa masa a gaban mahaifinsa cewa ka yarda da amanarsa, ba ka yarda da lissafinsa ba, ka nuna masa dalili kamar yadda ka saba nuna wa ɗalibi. Zai ji zafi, mai yiwuwa ya ɗauke ƙafa na ɗan lokaci. Ka bar masa ƙofa a buɗe. Mai sayen gona kuwa kada ka jira Juma'a. Ka aika masa tun gobe cewa ba ta sayarwa ba ce, ka nemi wanda zai share ta kafin ruwan shuka.

Allah ya raya Muslimat bisa alheri, ya ba Na'ima dangana, ya sanya albarka a hannun Andrawus, kai kuma ya sauƙaƙa maka abin da kake ɗauke da shi, ya ba ku damina mai albarka.

Mailafiya